Kawu Mai Dogon Gilashi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, ga shi kuwa Kawu ya riga mu tafiya. Ya rasu a gidansa da ke Malumfashi ana tsaka da girbin masara, bayan 'yar rashin lafiyar da duk muka ɗauka ba ta taka kara ta karya ba. Shi ne wan mahaifiyata, shi ne kuma ya fara ɗora mini kyamara a kafaɗa. Duk wanda ya yi aure ko suna tsakanin Funtua da Malumfashi a shekarun nan, da wuya a ce bai san shi ba. Dogon mutum ne mai farin gemu, kullum yana tsaye can nesa da taro, ya duƙa a kan kyamara mai dogon baki.

Na sha zaman makoki, amma irin na Kawu ban taɓa gani ba. Mace za ta shigo ta durƙusa gaban Inna, matar Kawu, ta ce ya haƙuri, Allah ya jiƙan Malam. Maimakon ta koma gefe ta yi shiru kamar yadda aka saba, sai ta ɓuge da labari. Wata daga Gozaki ta ce, "Wallahi Hajiya, ba don shi ba da 'ya'yana ba su san kakarsu ba. Tana cikin kaset ɗin bikin ƙanwata, tana tsinkar zogale tana faɗa da jikoki." Wata ta ce mahaifinta yana cikin faifan sunan ɗan maƙwabta, yana dariya har da riƙe ciki, kuma duk Sallah sai sun kunna sun kalla. Wani magidanci daga Tsiga, da furfurarsa da komai, ya nemi iso ya tsaya daga bakin ƙofa don ya yi wa Inna gaisuwa. Yana buɗe baki sai kuka. Da ƙyar ya iya cewa, "Shi ya nemo mini uwata." Ya juya ya fita bai ƙarasa ba.

Inna tana ta amsawa, Allah ya ba da lada, Allah ya bar zumunci. Da aka watse ta sa aka kira ni ɗakinta. Ta daɗe tana fama da hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya rufe, na dama ne ke ɗan gani in abu ya matso kusa, likita kuma ya gaya mana abin da ya tafi ba ya dawowa.

"Kin ji su ko?" ta ce. "Kowa an ajiye masa nasa. To ni fa? Hoto ɗaya nake da shi, na fasfon Makka, ya ɗaure fuska kamar an kawo masa sammaci. Wannan ba kawunki ba ne. Ki nemo mini shi yana motsi, in gan shi tun idon nan bai ƙarasa ba."

Na ce, "To, Inna." Da ƙarfin gwiwa na faɗa, amma na san halin mutumina. Wanzami ba ya son jarfa. Kawu ya ɗauki rabin ƙasar nan a bidiyo, amma ka juya masa kyamara ka ga tashin hankali. Ko da waya yara suka nufe shi sai ya cire hula ya kare fuska, ya ce, "Kai, ku kawar! Mai raba kaya ba ya shiga layi."

Bari in faɗi yadda na shiga sana'ar, don ta nan ne aka san Kawu. Ina da goyon fari ya zo gidanmu, ya zauna a zaure da maigidana, ya ce aro ya zo yi. A yankinmu gidaje da yawa namiji ba ya shiga wajen lalle ko kamu, ko da kuwa shi ne mai ɗaukar bikin. Kawu sai ya tsaya a waje yana jin guɗa tana tashi, ba abin da zai iya. Ya ce wa maigidana, "Ka ba ni aron Uwata. Ni in ɗauki waje, ita ta ɗauki ciki." Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Maigidana ya amince, mahaifiyata ta yi ta mita wai yayanta zai mai da ni 'yar yawon biki, daga baya ita ma ta bari.

Ranar farko da muka fita aiki ya kafa mini doka ɗaya. "In kin shiga, kada ki nufi amarya. Nemi tsofaffi tukuna."

Na ce, "Kawu, bikin wa aka zo?"

Ya ce, "Amarya gobe ma tana nan. A fara da waɗanda motarsu ta kusa cika."

Tabɗi! Ƙawayen amare kuwa sun ci mutuncinmu a kan wannan doka. Su kunna faifai don su ga ankonsu, sai ga wata tsohuwa ba haƙori ta cika allo tana tauna goro. An sha ce mini, ke da kawunki gidan tsofaffi kuka buɗe? Nakan kai masa ƙara, shi kuwa ko a jikinsa. Sai ya ce in ba su 'yan shekaru, da ƙafarsu za su dawo neman tsohuwar. Suna dawowa kuwa.

Dalilinsa sau ɗaya ya taɓa gaya mini, muna jiran mota a Funtua. Ya daɗe yana kallona, har na tsargu na gyara mayafi. Ya ce mahaifiyarsa ta rasu ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. "Ina tuna tafin hannunta. Ina tuna zanen da take ɗaurawa ranar Juma'a. Amma fuskar, in na kamo hanci sai baki ya kuɓuce mini. Wani lokaci in kin yi fushi nakan ga goshinta." Daga nan ya canja magana, ya ce motar nan ba ta da niyyar tashi yau.

Saboda tsofaffin nan ne ya riƙe dogon gilashi, irin mai jawo na nesa kusa. Ya ce tsoho in ya ga kyamara a hancinsa sai ya ƙame, ya haɗe baki kamar za a yi masa allura. Amma in kana can gindin bishiya ya manta da kai, sai ya zama shi. Gilashin yana fito da fuska ras, duk abin da ke bayanta kuma ya narke, ba ka ganin bokitin wanke-wanke ko akuyar da ke wucewa. "Dogon gilashi kunya gare shi," in ji Kawu. "Daga nesa yake gaisuwa." In rana ta dako bakin gilashin sai ya cire hularsa ya yi masa inuwa da ita, shi kuma kansa ya sha ranar. Inna ta gaji da wanke huluna masu shatin zufa da yatsu.

Kai, zuwa sayen kyamara da Kawu sai mai haƙuri! Na bi shi Kano lokacin da kaset ya ƙare yayi, dole muka koma masu ɗauka a kati. Mai shago ya fara jero mana lambobi, wannan kaza ce, waccan ta fi ta kaza. Kawu ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya ce, "Alhaji, mu fita rana." Ya samu wani mai turin baro, baƙi wuluk da farar riga, ya roƙe shi ya tsaya. Kyamarar farko ta fito da rigar tas, amma fuskar ta zama gawayi. Kawu ya mayar wa mai shago da ita. "Wannan ba don mu aka yi ta ba. Mutanena baƙaƙe ne, fararen kaya suke sawa, da rana tsaka kuma ake ɗaura musu aure." Wadda ta ci wannan jarrabawa sai ya kunna ta ya ajiye a rana, ya zauna ya fasa goro. Mai shago kamar ya yi kuka. Can sai kyamarar ta yi zafi ta kashe kanta. Kawu ya ce, "Ka gani? Liman ba zai maimaita ɗaurin aure don kyamara ta huce ba." Sai wajen la'asar muka samu wadda ta yi masa.

Gilashi kuwa bai damu ya zama sabo ba. Na hannu yake saya, ya ɗaga shi sama ya leƙa ta cikin haske yana juyawa, yana neman fumfunar nan mai kama da yanar gizo-gizo. In ya ga ko ɗigo, ya ajiye. Yakan ce jikin kyamara riga ce, kowace shekara da yayinta, amma gilashi ido ne, in ka dace da mai kyau kun tsufa tare. Damina a wajenmu ba ta wasa da danshi, don haka ya ƙwace wa Inna babbar kwallarta ta jere, ya zuba soyayyiyar shinkafa ba mai a ƙasa don ta tsotse danshi, ya shimfiɗa tsumma, nan gilasansa suke kwana. Inna ta yi ta cewa kwallar da uwarta ta saya mata ta zama ɗakin baƙi. Shi kuma ya ce ai gara baƙin nan, ba sa cin tuwo.

A wannan tafiya ta Kano muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Na ce ni gilashi mai faɗi nake so, wanda ke kwaso ɗaki gaba ɗaya, kuma yake buɗe ido sosai ya sha ɗan hasken da ke akwai. Kawu ya yi tsaki. Ya ce mai faɗi gilashin kwashe-kwashe ne, ba shi da tarbiyya, har wanda ba a gayyata ba sai ya ɗauko. Ya ɗora shi a kyamara ya sa ni a gefen hoto ya nuna mini, sai ga ni na miƙe na karkace, kaina kamar an ja ƙullin alkaki. Mai shago ya yi dariya. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Kawu, ka taɓa shiga ɗakin amarya ranar kamu? Ɗaki kamar akurki, ga jere, ga gado, ga mata sun cika shi maƙil, taga ɗaya kuma an rataye mata labule. Da dogon gilashinka kunnen amarya kawai nake samu. Ina zan ja da baya, in fasa bango? Kai kana gindin bishiya kana shan iska, ni ce a cikin zufa!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan, a gaban mutane kuma. Ya dube ni, ya ce, "Ga goshin nan." Muka hau mota zuwa Malumfashi. Ya sayi dafaffiyar gyaɗa a hanya ya ajiye a tsakaninmu, na ƙi ci, shi ma ya ƙi ci, muka sauka muka bar wa kwandasta.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a zaurenmu da ƙunshi a tsumma. Ashe ya koma Kano shi kaɗai ya sayo. Ya miƙo mini yana kallon wani wajen. "Ga kwashe-kwashenki. Ki riƙa sa mutane a tsakiya. Wanda ya faɗa gefe, Allah ya ba shi haƙuri." Na karɓa na durƙusa na yi godiya, ya ce in tashi, shi ba don ya yarda ya sayo ba. Har ya koma ga Allah bai taɓa ɗora gilashin nan a kyamararsa ba.

Shi wancan magidanci na Tsiga da ya yi kuka a bakin ƙofa, na san labarinsa. Mahaifiyarsa ta rasu yana can kudu wajen neman abinci, bai samu jana'iza ba, ba shi da hotonta ko ɗaya. Wani ya ce masa kamar an taɓa ganinta a bikin maƙwabta da Kawu ya ɗauka shekaru da yawa baya. Kawu ya rufe shagonsa na bidiyo, ya fito da buhunan tsofaffin kaset, suka zauna su biyu suna kunnawa ɗaya bayan ɗaya, har aka kai ga inda tsohuwar take zaune bakin murhu tana kore hayaƙi da gefen zane. Kawu ya juye masa a faifai. Mutumin ya sa hannu a aljihu, Kawu ya riƙe hannun ya ce, "Ba a sayar wa mutum uwarsa."

To, mutumin da ya yi wa bare haka, a ce matarsa ta rasa ganinsa? Bayan sadakar bakwai na kwaso buhunan nan na kai gidana, na aro tsohuwar na'urar kaset, na zauna. Na ga Malumfashi tun ana hawa keke zuwa ɗaurin aure. Na ga tulin auduga a Gozaki da dattawan da suka noma ta, yawancinsu yau suna ƙasa. Kawu kuwa yana ko'ina amma ba ya ko'ina. Ga tarinsa. Ga muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa, "Yauwa Baba, haka." Ga bakin hularsa ya leƙo ta saman hoto ya koma. Sau ɗaya na ga inuwarsa a ƙasa, doguwa, tare da ƙafafu uku na abin ɗora kyamara. Na yi ta kuka ni kaɗai, kewarsa ta cika mini ƙirji har abinci ya daina shiga.

Na tattara muryoyin na kai wa Inna. Ta saurara har ƙarshe, ta share ido, ta ce, "Murya ina da ita a kunnena, ba inda za ta. Fuska nake so." A ranar na lura da ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, sai da ta lalubo shi.

A cikin keke napep ina komawa gida ina ta yi masa faɗa a zuci. Haba Kawu, wane irin taurin kai ne wannan! Kai da dogon gilashinka mai kunya, ga inda kunyar ta kai mu. Sai na ji kamar yana ba ni amsa da tsakinsa, wai ai gara shi da kwashe-kwashena mai ɗauko wanda ba a gayyata ba. Nan take na dafa kafaɗar mai keken na ce ya yi sauri. Ni duk neman da nake yi a cikin aikinsa nake yi, inda ba zai taɓa kasancewa ba. Nawa aikin ban buɗe ba, don na san ni a cikin gida nake, shi a waje. Amma akwai lokaci ɗaya da nake kaiwa bakin zaure, wato in an fito da amarya za a sa ta a mota.

Na buɗe kwamfuta na bi bukukuwan da muka yi tare, ba wanda na tace na ba masu shi ba, ɗanyen da ban yanka ba. Ina zuwa fitowar amarya sai in bar tsakiya in duba gefe. A wasu bango ne, a wasu 'yan kallo. Sai a wani biki na Tsiga, da la'asar sakaliya, an fito da amarya a lulluɓe mata suna guɗa, can a ƙarshen hoto ta hannun dama ga bishiyar dalbejiya, ga Kawu.

Ko kallon amaryar ba ya yi. Ya juya dogon gilashinsa wajen wani tsoho da ke zaune a tabarma, hula a hannu yana yi wa gilashin inuwa. Tsohon ya faɗi wani abu, Kawu ya ɗago daga kyamara ya tuntsire da dariya, irin dariyarsa ta girgiza kafaɗa, gemu yana rawa. Yana juyowa ya hango ni na saito wajensa. Ya ɗaure fuska ta wasa, ya kaɗa mini hula alamar in kawar. Sai mota ta gitta ta rufe shi. Duka-duka bai fi a sha ruwa a ajiye kofi ba. Gilashina kuwa ya yi masa abin da ya saba yi wa na gefe, ya ja shi ya ƙara masa tsawo, ya karkatar da shi kamar iska na kaɗa dawa.

Na yanko wajen, na matso da shi iyakar yadda zai matso bai dushe ba. Da safe na kai gidan, na rufe labule don haske, na ɗora wa Inna kwamfutar a cinya. Ta kawo idonta na dama har kusan ya taɓa allon. Na kunna.

Ta kalla har ya ƙare. Ta ce, "Sake." Na sake. Da ya kai wajen dariyar sai na ga bakinta yana motsi tare da nasa.

"Shi ne," ta ce. "Wallahi shi ne. Amma wa ya ja masa kai haka?"

Na ce, "Gilashina ne, Inna. A gefe ya faɗa."

"Allah ya ƙara! Shi da ya ce na gefe ya yi haƙuri." Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ni ma na taya ta. Da ya kaɗa hular ta ɗaga hannu ta mayar masa, ta ce, "Ka ji shi, har yanzu korar mutane yake. To ba inda za ni, Malam." Mun kunna shi a ranar har batir ya mutu, muka sa a wuta muka ci gaba.

Allah ya jiƙan Kawu, Ya haskaka masa kabarinsa fiye da yadda ya haskaka fuskokin iyayen mutane. Allah ya haɗa shi da mahaifiyarsa, ya ƙare mata kallo ya huta da kamo hanci baki na kuɓucewa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Ina naɗe wayar cajin kwamfuta zan tafi Inna ta ce in dakata. Ita ma duk zamansu ba ta taɓa yarda ya ɗauke ta ba, da ta ga kyamara sai ta shige ɗaki, shi kuma bai taɓa matsa mata ba. Ta laluba ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta sa aka fitar mata da tabarma tsakar gida, ta nuna mini inda kwallar take.

"Ɗauko dogon nasa," ta ce. "Ki je can bakin zaure ki tsaya inda ba zan gan ki ba. Ki fara da ni."

Na buɗe kwallar, ƙamshin soyayyiyar shinkafa ya bugo ni. Na ɗora gilashin a kyamarata da ba na rabuwa da ita, na ja da baya har bakin zaure. Rana ta dako bakinsa, ni kuma ba ni da hula, sai na kare shi da gefen mayafina.